Mun gaji da zama cikon hoto

Iyayena da yayyena da ƙannena matan jam'iyya na Yankwashi, da 'yan uwanmu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura da aka saka a wannan zaure, barkanmu da war haka. Saƙon yau yana da tsawo, ku yi mini haƙuri. Wadda karatun boko ke ba ta wuya, ta sa 'yarta ko maƙwabciya ta karanta mata bayan an sauke tukunya.

Bayan gangamin da muka yi na ƙarshe, na zauna da daddare na bi hotunan da yaran soshiyal midiya suka watsa, ɗaya bayan ɗaya. Kun dai san yadda muka yi ranar. Tun hantsi muka hallara, ankon da kuɗinmu muka ɗinka shi, wasu da goyo a baya, muka sha rana har bayan La'asar. To me na gani? Hotonmu daga sama aka ɗauke shi, ba fuska, sai ɗankwali da mayafi birjik kamar an shanya barkono, an rubuta a ƙasa wai mata sun yi tururuwa. Sai kuma ɗaya rukunin hotunan, na cikin falo, kan kujeru masu laushi, kowane namiji da sunansa da muƙaminsa a rubuce. Ni kaina sau ɗaya na fito, a bayan wani da yake miƙa buhun shinkafa, rabin mayafina kawai ake gani. Ban ga laifin yaron da ya ɗauka ba, wallahi. Shi ma inda aka ce ya haska nan ya haska.

Wannan ne ya sa nake so yau in ba ku labarin wata mace mai hoto, 'yar Arewa kamarmu, wadda ta bar bayan kyamara ta nemi kujera. Sunanta Aisha Augie, wasu sun fi saninta da Aisha Augie-Kuta. 'Yar Argungu ce ta Jihar Kebbi, amma a Zariya aka haife ta a 1980, kun ga kusan sa'ata ce. Mahaifinta marigayi Sanata Adamu Baba Augie ma'aikacin watsa labarai ne kafin ya shiga siyasa, aka zaɓe shi sanatan Kebbi ta Arewa a 1999. Mahaifiyarta Mai Shari'a Amina Augie ta kai Kotun Ƙoli a 2016, ta yi ritaya a 2023. Mahaifin ne ya ba ta kyamara tun tana yarinya. Ta yi karatun aikin jarida a Jami'ar Ahmadu Bello, ta riƙi ɗaukar hoto sana'a a lokacin da in an ce mai hoto a ƙasar Hausa, namiji ne ke zuwa wa kowa a rai, da jakarsa a kafaɗa yana bin gidajen biki. A 2011 ta ci lambar yabo ta matasa da ake kira The Future Awards a ɓangaren fasaha, aka riƙa baje hotunanta a gida da waje.

Daga nan gwamnati ta jawo ta. Ta zama mai taimaka wa gwamnan Kebbi Atiku Bagudu kan sababbin kafofin sadarwa, daga baya ta zama mai ba ministar kuɗi Zainab Shamsuna Ahmed shawara kan sadarwar zamani. Da ta so, da nan ta tsaya, ofis da fanka da mota, ba mai zaginta. Amma ta taɓa komawa gida ta shiga zaɓen fidda gwani na kujerar Majalisar Wakilai ta Argungu da Augie. Ba ta kai ga kujerar ba. A watan Janairu na 2024 Shugaba Tinubu ya naɗa ta shugabar CBAAC, cibiyar da ke Legas wadda ke adana kayan tarihin bikin FESTAC na 1977, a sanarwa guda da ta Ali Nuhu da aka ba shugabancin hukumar fina-finai ta ƙasa. Na tabbata kowaccenku ta ji naɗin Ali Nuhu. Mu nawa muka ji na Aisha?

Na san abin da ke bakin wasunku tun kafin ku faɗa. Hajiya, ai wannan 'yar sanata ce, 'yar alƙaliyar Kotun Ƙoli, ina ita ina mu masu ƙuli-ƙuli da awara? Gaskiya kuka faɗa, ba zan yi muku musu ba. Ta tashi a gidan da ake da littattafai da kuɗin makaranta da sanayya, mu kuwa da yawanmu daga firamare sai ɗakin miji. Ni ma da ƙyar na gama sakandare, don sai da kakata ta tsaya tsayin daka. Amma ku juya maganar ku dube ta ta ɗaya gefen. Mace mai wannan gata, mai ilimi, mai suna har ƙasashen waje, wadda ta san gwamna ta san minista, ta je gida neman tikiti ta dawo babu. To ashe abin da ke hana mace tikiti ba talauci kaɗai ba ne, ba kuma rashin boko kaɗai ba. Akwai wata ƙofa da ake rufewa tun daga ƙasa, kuma mu ne muke zaune a bakinta ba mu lura ba.

Ƙofar nan ita ce mazaɓa. Ku tuna yadda aka yi a 2022. Dokar zaɓe ta shekarar ta bar fidda gwani a hannun daliget ɗin da aka zaɓa daga mazaɓu, mutum uku ko biyar daga kowace mazaɓa gwargwadon tsarin jam'iyya. Waɗannan 'yan tsirarun ne aka kwasa aka kai masauki, aka ciyar da su aka shayar da su, washegari suka yanke wa dubban mutane wanda za su gani a takardar ƙuri'a. Wa ya rubuta sunayensu? A ina aka rubuta? Yawanci a zauren wani ne, da dare, lokacin muna ɗaki muna lallashin yara. In kuma aka ce 'yar tinƙe za a yi, rajistar 'yan jam'iyya ta mazaɓa ce ke aiki, ita ma tana hannun su ciyaman da sakataren mazaɓa. In aka ce maslaha, to wannan ma ba a magana, dattawa biyar ne za su shiga ɗaki su rufo ƙofa. Ko ta ina aka bi, shugabannin mazaɓa ne mabuɗi. Mu kuma kujera ɗaya tak muka sani a cikinsu, ta shugabar mata, ita ma sau da yawa aikinta ya ƙare a tara mata ranar taro da rabon atamfa.

Kada ku ce ko don ita mace ce kawai. Akwai wani mai hoto a Kenya, Boniface Mwangi, wanda ya ɗauki hotunan rikicin da ya biyo bayan zaɓen ƙasarsu na ƙarshen 2007, inda aka kashe mutum fiye da 1,000. Abin da idonsa ya gani ya hana shi sukuni, ya ajiye aikin jarida, ya riƙa baje hotunan a bakin titi don mutane su ga abin da suka yi wa junansu saboda 'yan siyasa. A 2017 ya kafa jam'iyyarsa ya tsaya takarar ɗan majalisa a mazaɓar Starehe cikin birnin Nairobi, ya ce shi ba zai raba kuɗi ba. Wani mawaƙi da ake kira Jaguar, ɗan jam'iyya mai mulki, ya kayar da shi. Matarsa Njeri sai da ta kwashe 'ya'yansu ta tafi Amurka na wani lokaci saboda barazanar kisa. An yi fim a kan rayuwarsu a 2020. Shi ma duniya ta san hotunansa, amma ranar zaɓe waɗanda suke da mutane a kowace rumfa su suka kwashe.

Saboda haka ba ina ce muku ku sayi kyamara gobe ku zama 'yan majalisa ba. Abin da ya burge ni game da Aisha shi ne ta shiga siyasa da abu a hannunta. Tana da sana'ar da aka san ta da ita, tana da idon da ya saba ganin abin da wasu ke wucewa, da aka hana ta tikiti kuma ba ta koma roƙo ba, aikinta na nan yana jiranta. Mu fa? Da yawanmu mun shigo da guɗa da tafi ne kawai, shi ya sa ranar da aka ga dama a kira mu, ranar da ba a ga dama ba a ce an manta.

Ku duba lissafin da kanku. Majalisar Dattawa kujera 109, mata huɗu. Majalisar Wakilai kujera 360, matan ba su kai 20 ba. Majalisar dokokin Jigawa kujera 30, ba mace ko ɗaya. A watan Maris na 2022 'yan majalisar tarayya suka yi watsi da ƙudurorin da aka kawo don ƙara wa mata gurbi, alhali tun 2006 manufar gwamnatin tarayya ta ce a ba mata kashi 35 cikin 100. Amma ranar zaɓe ku je kowace rumfa daga Karkarna zuwa Achilafiya ku ga layin wa ya fi tsawo. Wannan ƙuri'ar ma da muke jefawa ba kyauta muka same ta ba. Matan kudu sun yi zaɓe tun kafin 'yancin kai, matan Arewa sai 1976 aka yarda musu, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha duka da ɗauri a kanta. Allah Ya jiƙanta. Ba don mu cika hoto ta shiga gidan yari ba.

Ni ban sa ido kan Abuja ba, ko Dutse ma ban kai ba tukuna. Kujerar kansila nake magana. Yankwashi mazaɓa goma gare ta: Achilafiya, Belas, Dawan Gawo, Gurjiya, Gwarta, Karkarna, Kuda, Ringim, Yankwashi da Zungumba. Kansila goma ke nan. Ku ƙirga da yatsunku, tun da kuka fara zaɓe, sau nawa kuka dangwala wa mace a wannan kujera? Wani lokaci a ɗauko mace ɗaya a yi mata naɗi don a ce an yi, amma wanda ya naɗa ki shi ke sauke ki, wadda aka zaɓa kuwa sai wa'adinta ya cika. Kada kuma ku raina kansila. Su ne ke zama su amince da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma. Ƙaramin asibitin da muke zuwa awo, ajin firamaren da yaranmu ke zama a ƙasa, rumfunan kasuwa, tuƙa-tuƙar da ta lalace tun bara, duk akwai hannun ƙaramar hukuma a ciki. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ko an aiwatar gaba ɗaya ko ana jan ƙafa, maganar ta riga ta fito fili, kuma duk ranar da kuɗin suka sauka ina so a ce akwai wadda ta taɓa naƙuda a bayan babur zaune a teburin da za a raba su.

To ina hoto ya shigo? Kusan kowane gida yanzu akwai waya mai kyamara, in ba taki ba ta 'yarki ko ta ƙaninki. Muna ɗaukar amarya da lalle da sabon ɗinki, ba laifi, ni ma ina yi. Amma na taɓa zuwa gaban wani babba da kukan matan wani ƙauye kan fanfon sola da ya mutu, ya dube ni ya ce ai an gyara tun watan jiya, rahoto ma yana kan teburinsa. Na san ba a gyara ba, don da ƙafata na je, amma ba ni da abin nunawa. Na fito kamar wadda ta zo da tsegumi. Da a ce a wayata akwai hoton fanfon da kwanan wata, da layin jarkoki, da yara a kan jaki suna dawowa daga rijiyar da ke nesa, da maganar ta canza. Baki ana musa masa, hoto kuwa sai dai a kau da kai.

Abin da nake so shi ne kowace mazaɓa ta samu yarinya ɗaya ko biyu masu natsuwa da za su riƙe mana wannan aiki. Su ɗauki abin da ya lalace, su rubuta wuri da rana. In an gyara su koma su sake ɗauka, don adalci ne a nuna alheri kamar yadda aka nuna gazawa, kuma ɗan takararmu ma zai ji daɗin samun shaidar aikinsa. Akwai 'ya'yanmu da ke karatu a Kwalejin Hussaini Adamu da makarantar Informatics a Kazaure, su koya wa sauran in sun zo hutu. Ba kuma Facebook za a fara kaiwa ba. A kawo wa shugabar matan mazaɓa, ta kai wa kansila, in bai motsa ba mu ɗauka mu je sakatariya a Karkarna mu da yawa. Shekara biyu ana wannan, matar da ke riƙe da hotunan mazaɓarta ta fi kowa sanin mazaɓar, in ta miƙe a taro ta ce tana son kujera ba wanda zai tambaye ta me ta taɓa yi.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan ba ni da sassauci. Mun yi Islamiyya, mun san hukuncin tona asirin musulmi. Ba a ɗaukar mara lafiya a gadon asibiti. Ba a ɗaukar mace ba da izininta ba, ko da a bakin rijiya ne. Ba a ɗaukar fuskar bazawara ko marainiya tana karɓar taliya da sabulu a watsa wa duniya. Wannan ɗabi'ar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, har a cikin jam'iyyarmu. Kayan da bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba, a sa baiwar Allah ta ɗaga shi sama a haska ta, 'ya'yanta su gani a wayar abokansu a makaranta. Daga yau duk rabon da ya biyo ta hannuna, a ɗauki kayan, a ɗauki mai bayarwa in yana so, a bar masu karɓa da mutuncinsu. Wanda bai yarda ba ya nemi wata ta tara masa mata.

Ranar zaɓe ma hoto yana da muhallinsa. Na'urar BVAS hoton takardar sakamako take ɗauka a tura, kuma ana manna sakamakon a rumfa kowa ya gani. Wannan takardar ku ɗauke ta da kyau, lambobin su fito. Amma cikin wurin dangwale ba a shiga da waya, INEC ta hana, kuma duk wanda ya ce ki ɗauko masa hoton ƙuri'arki ya biya ki, sayen ki yake yi da arha.

Wata za ta ce maigida ba zai bari ba. To a nemi izininsa da ladabi, ba faɗa muka zo haɗawa ba, in ta kama ni da kaina zan zo in gaishe shi mu yi magana. Ku ma tuna masa wani abu. Bikin da ake yi a cikin gida, mata zalla, an cire mayafi ana kwalliya, wa ke shigowa ɗaukar hoto? Ƙato ne baligi, ya ratsa tsakiyarmu, ya tafi da hotunan matan aure a wayarsa, ba wanda ya san inda za su ƙare. Da 'yarmu ce ke wannan aikin, an samu sutura, ita kuma ta samu na sabulu da na makaranta. Ni ban ga malamin da zai ce wancan ya fi wannan ba.

Na san kuma abin da ke jiran duk wadda ta fito. Za a ce ta fi ƙarfin mijinta. Za a tono zawarcinta in ta taɓa yi, a tono na uwarta. Abin da ya fi ciwo, wasu daga cikin masu yaɗawar muna cikin wannan zauren tare da su. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau nawa mace ta nuna sha'awa muka ce wa take ji da ita, mu da muka girme ta a jam'iyya? Ni kaina na taɓa yin wannan kishin a kan wata ƙanwata da ta fi ni boko, na ƙi kiran mata su raka ta, ta janye ba ta sake fitowa ba. Har yau in na tuna sai na ji kunya, na kuma je na nemi afuwarta. Ni ba takara zan yi ba, kada a ce don kaina nake wannan dogon rubutu. Wadda za mu tsayar tana buƙatar shekara 25 zuwa sama da takardar sakandare, sai hali na gari da haƙurin jin zagi. Muna da irinsu, malaman firamare da ma'aikatan lafiya da suka yi ritaya da masu sana'a a kasuwa.

Kafin nan kuma sai mun shiga ɗakin da ake rubuta sunaye. In lokacin zaɓen shugabannin mazaɓa ya zo, kada mu tsaya kan kujerar shugabar mata kaɗai. Sakatare, ma'aji, mai binciken kuɗi, sakataren yaɗa labarai, ba inda aka rubuta cewa na maza ne. Kowace ta duba katinta na jam'iyya, ta tabbatar sunanta na cikin rajistar mazaɓarta, da na 'ya'yanta mata da suka kai 18.

Shugabannin mata na mazaɓu goma, ina jiran sunaye biyu daga kowaccenku kafin Juma'a mai zuwa: yarinyar da za ta riƙe waya, da matar da kuke ganin za ta iya tsayawa, ko da ita ba ta riga ta amince ba. Ku turo mini ta akwatina, kada ku saka a zaure. Asabar bayan La'asar mu haɗu a gidana, kowa ta zo da wayarta da caji, za mu kuma tsayar da maganar adashin da za mu ware don kuɗin fom da na mota. 'Yan uwa na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, wadda ta samu hali ta zo, tabarma ta ishe mu.

Wassalamu alaikum. Taku, shugabar mata.